Babi na Shida: Kolsulo, Kabejin da Ya Tsallaka Teku da Sunansa

A shekarar 1749 wani masanin tsirrai mai suna Pehr Kalm ya sauka a garin Albany, can saman kogin Hudson, a ƙasar da ta zama Amurka daga baya. Ɗalibin Carl Linnaeus ne, malamin nan na Suwidin da ya tsara yadda ake raɗa wa tsirrai da dabbobi sunayen kimiyya, kuma an turo shi ne ya nemo shuke-shuken da za su iya jure sanyin ƙasarsu. Kalm mutum ne da ba ya barin abin da idonsa ya gani ya wuce bai rubuta ba, daga ciyawar bakin hanya har yadda mutane ke gina gidajensu. Cikin abin da ya rubuta akwai wani abinci da matar gidan da ya sauka ta haɗa, wanda ya ce bai taɓa cin irinsa ba. Ta ɗauki kabeji ta ɓare ganyen waje, ta yayyanka na cikin sirara dogaye, ta zuba mai da ruwan khal, ta barbaɗa gishiri da masoro, ta cakuɗa. Wani lokaci, in ji shi, narkakken man shanu ake sawa a madadin man. Ya yaba ɗanɗanon ƙwarai, matar kuma ta shaida masa cewa baƙi da dama da suka ci a gidanta sun nemi ta koya musu, don su je su sa a yi musu a gida.

Matar jinin Holan ce, kamar kusan duk mutanen Albany na wancan zamani. A harshen Holanci sunan wannan haɗi *koolsla*. Shi ne masu jin Turanci a Amurka suka ara suka mayar *coleslaw*, shi ne kuma muke ji yau a bakin masu girkin biki a Kano da Kaduna, wasu su ce kolsulo, wasu kosulo, a gefen soyayyiyar shinkafa da cinyar kaza.

Kalmar gida biyu ce. *Kool* na nufin kabeji, *sla* kuma salak. Ma'anarta ke nan duka: salak ɗin kabeji. Babu bama a cikin sunan, babu karas, babu sukari, babu firiji. Amma kowane rabi na kalmar ya yi doguwar tafiya kafin su haɗu a bakin mutanen Holan.

*Kool* ta fito daga kalmar Latin *caulis*, wadda ke nufin kara. Rumawa sun kira kabeji da karansa ne saboda kabejin da suka fi sani ba ya yin dunƙulen kai irin wanda muke saye a kasuwa. Tsayi yake yi, ganye na fitowa a jikin kara, a riƙa tsinka ana ci. Dangin shukar na daji har yau suna nan a kan duwatsun bakin teku a yammacin Turai, inda iska mai gishiri ke kaɗa su. Daga wannan shuka guda, wadda masana ke kira *Brassica oleracea*, manoma suka yi ta zaɓen iri ƙarni bayan ƙarni. Masu son ganye suka sami nau'in da ake kira *kale*, masu son fure suka sami farin kabeji da burokoli, masu son kumburarren kara suka sami wanda Jamusawa ke kira *Kohlrabi*, masu son ganye ya naɗe kansa ya dunƙule kuma suka sami kabejinmu. Duka shuka ɗaya ce. Sunan ma haka ya rarrabu yayin da Latin ke yaɗuwa: Jamusawa suka ce *Kohl*, mutanen Sifen *col*, na Italiya *cavolo*, na Fotugal *couve*, Faransawa *chou*, tsofaffin Ingilishi kuma *cole*. A riƙe ta Faransawan nan, za mu same ta a Maraɗi.

Cin kabeji ɗanye da tsami ba mutanen Holan suka fara ba. Cato, dattijon Rum da ya rubuta littafi kan noma wajen shekara 160 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya fifita kabeji a kan duk ganyaye, ya ɗauke shi magani ga cututtuka barkatai, ya kuma ba da shawarar a ci shi ɗanye a tsoma cikin ruwan khal. Da yawa daga magungunan nasa babu likitan da zai sa musu hannu a yau, amma haɗin kabeji da tsami ya tsaya.

Rabi na biyu ya fi ban sha'awa a wurina, don ya nuna yadda baki ke cinye kalma idan ta daɗe a cikinsa. *Sla* gajarcewar *salade* ce, wadda mutanen Holan suka aro daga Faransanci. Holanci na da ɗabi'ar haɗiye harafin *d* idan ya faɗo tsakanin wasula biyu: *broeder*, ɗan'uwa, ta koma *broer*, *leder*, fata, ta koma *leer*, *weder*, yanayi, ta koma *weer*. Haka *salade* ta rasa wutsiyarta, wasalin farko ma ya bi, aka bar *sla*. Ita kuwa *salade* tushenta *sal*, wato gishiri a Latin. Salak, a asalin ma'anarsa, ganye ne da aka sa wa gishiri.

Duk wadda ta taɓa haɗa kolsulo da safe don bikin yamma ta san aikin gishirin nan ko ba ta san tarihinsa ba. Fiye da kashi 90 cikin 100 na kabeji ruwa ne. Da zarar gishiri ya taɓa yankakken ganyen, sai ya fara janyo ruwan daga cikin ƙwayoyinsa zuwa waje. Sukari ma haka yake yi. Idan aka zuba bama nan take, bayan 'yan sa'o'i sai a tarar da farin ruwa kwance a gindin kwano, haɗin ya tsinke, ɗanɗanon ya salamce. Gwanayen girki sukan fara barbaɗa gishirin a kan kabejin shi kaɗai, su bar shi a matsami ya tsiyaye, su matse shi, sannan su haɗa. Ganyen ya ɗan yi laushi amma bai rasa garas-garas ɗinsa ba. Wannan juriya ita ce ta ba kabeji matsayinsa a ƙasashen sanyi. Latas ganyen bazara ne, kwana biyu ya yanƙwane. Kabeji kuwa ana girbe shi a ƙarshen kaka, a jibge a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya yi watanni. A tsakiyar hunturu, lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe gonaki, shi ne ɗanyen ganyen da ya rage wa talaka.

To, me ya kai kalmar Holanci bakin kogin Hudson? A 1609 Henry Hudson, Baturen Ingila da ke wa kamfanin kasuwancin Holan aiki, ya shiga kogin da jirginsa yana neman hanyar zuwa Asiya. Bai sami hanyar ba, amma ya ga ƙasa mai fatun biba, wata dabbar ruwa da Turawa ke yin huluna da gashinta. A 1621 aka kafa Kamfanin Yammacin Indiya na Holan, a 1624 suka gina sansanin Fort Orange inda Albany take a yau, sannan suka kafa gari a ƙarshen tsibirin Manhattan suka sa masa suna Sabuwar Amsterdam. Mulkin nasu bai yi tsawon rai ba. A 1664 jiragen yaƙin Ingila suka tsaya a bakin garin, gwamna Peter Stuyvesant ya miƙa wuya ba tare da an gwabza ba, aka sake wa garin suna New York don girmama ƙanin sarkin Ingila. Holan ta sake ƙwace shi a 1673, ta mayar a 1674, shi ke nan.

Tuta ta sauka, amma mutanen ba su tashi ba. Suka ci gaba da noma gonakinsu, suna auren junansu, suna ibada da harshensu. Sai a 1764, shekara ɗari cif bayan faɗuwar garin, cocinsu na birnin New York ya fara wa'azi da Turanci. A ƙauyukan saman kogi kuwa harshen ya fi haka daɗewa. Lokacin da Kalm ya isa Albany shekara 85 ke nan da zuwan Ingila, amma Holanci ya tarar ana yi a gida da kasuwa. Martin Van Buren, shugaban Amurka na takwas, wanda aka haifa a Kinderhook a 1782, da Holanci ya buɗe baki. A cikin shugabannin ƙasar shi kaɗai ne Turanci ya zama harshensa na biyu.

Kalmomin da suka tsira daga wannan al'umma zuwa Turancin Amurka suna da kama da juna. *Cookie* daga *koekje* take, wato ɗan ƙaramin kek. *Waffle* daga *wafel*. *Boss*, wadda matasanmu ma suka ara, daga *baas*, maigida. *Stoop*, dakalin ƙofar gida, daga *stoep*. *Santa Claus* daga *Sinterklaas*. Unguwannin Brooklyn da Harlem sunayen garuruwan Holan ne, Breukelen da Haarlem. Kalmomin kotu da na ofishin gwamna sun tafi da gwamnan. Na madafa, na ƙofar gida, na yara da na wurin aiki su suka zauna, domin wanda ya ci ƙasa da yaƙi yakan canja doka da kuɗi, amma ba ya shiga madafa ya canja wa tukunya suna.

A madafar nan kuwa ba matan Holan kaɗai ke tsaye ba, kuma bai kamata a ba da wannan labari a tsallake su ba. Kamfanin da ya kafa Sabuwar Amsterdam shi ne ya ƙwace gidan Elmina daga hannun Fotugal a 1637, a gaɓar tekun Ghana ta yau, ya zama ɗaya daga manyan masu safarar bayi zuwa ƙetaren Atilantika. Tun shekarun farko na garin akwai bayi 'yan Afirka a cikinsa, kuma a gonakin kogin Hudson bauta ta ci gaba har 1827, lokacin da jihar New York ta kawo ƙarshenta. A gidajen masu hali, hannun da ke yanka kabeji da toya *koekje* sau da yawa hannun baiwa ne, kuma da Holanci take magana. Sojourner Truth, mai fafutukar 'yanta bayi da haƙƙin mata, an haife ta cikin bauta a yankin Ulster wajen 1797, kuma har ta kai kimanin shekara tara ba ta jin wani harshe sai Holanci. Da aka sayar da ita ga masu jin Turanci kaɗai, ta sha duka saboda ba ta gane umarninsu. Idan muka ce kalma ta ratsa daga wani harshe zuwa wani, ta bakin mutane take ratsawa, kuma a wannan kwari wasu daga mutanen ba da son ransu suka zo ba.

Farkon bayyanar kalmar a rubuce cikin Turanci da ƙamusoshi suka kawo shi ne 1794, kuma tun a nan kunne ya riga ya yi nasa aiki: an rubuta ta *cold slaw*. Dalilin a fili yake. Tsohuwar kalmar *cole* ta yi ƙaranci a bakin masu Turanci, *cabbage* ta ture ta. Mutum ya ji *kool*, ya laluba cikin abin da ya sani, ya ci karo da *cold*, sanyi. Abincin kuwa ba a dafa shi, da sanyinsa ake ci. Sauti ya yi daidai, ma'ana ta yi daidai, me ya rage? Shekaru da dama wannan rubutu ne ya fi yawo a littattafan girkin Amurka, har ya haifi ɗa: tunda akwai mai sanyi, dole a sami mai zafi, sai ga *hot slaw*, yankakken kabejin da ake zuba wa tafasasshen ruwan khal da man shanu. Sai can cikin ƙarni na 19 rubutun *cole* ya dawo ya rinjaya, ko da yake har gobe akwai Amurkawan da ke cewa *cold slaw*, suna kuma ganin su ne a kan daidai.

Kuskuren jin ya yi wani aiki na daban da bai warware ba. Tunda an ɗauki rabin farko a matsayin siffa, sai rabi na biyu ya ɗauki nauyin suna shi kaɗai. *Slaw* ta zama tana nufin yankakken kabeji, daga baya ma duk wani ganye ko saiwa da aka yanka sirara aka haɗa da tsami, ko na karas ne ko na burokoli. A Holan kuwa, idan ka shiga kasuwa yau ka ce a ba ka *sla*, latas za a miƙo maka. Rabin da ba ya nufin kabeji shi ya gaji ma'anar kabeji a ƙetaren teku.

Farin haɗin da muka sani, mai maiƙo da zaƙi, baƙo ne a wannan tarihi. Mayonis, wato gwaiduwar ƙwai da aka kaɗa da mai da ɗan tsami har suka kama juna, daga girkin Faransa ya fito, kuma sai a farkon ƙarni na 19 sunansa ya zauna a littattafansu. Kaɗa shi da hannu aiki ne mai cin lokaci, ga saurin lalacewa, don haka ya daɗe yana abincin masu kuku. Abin ya canja da aka fara zuba shi a kwalba. Richard Hellmann, Bajamushen da ya buɗe shagon abinci a New York a 1905, yana cikin waɗanda suka fara sayar da shi haka, kuma sunansa na kan kwalabe har yanzu. Da kwalba ta haɗu da firiji, sai kolsulo ya sami sabuwar kama. Gidajen soyayyiyar kaza suka rungume shi, domin kabeji na da arha, yana jure ajiya fiye da latas, tsaminsa kuma na yanke maiƙon kaza. KFC ta kai shi ƙasashe da dama a ɗan ƙaramin kofi. Duk da haka tsohon salon bai mutu ba. A yankin Lexington na jihar Karolina ta Arewa ana yin jan haɗi da ruwan khal da miyar tumatir ta kwalba, ba mayonis ko ɗigo. Jamusawa na da *Krautsalat* na mai da khal. A Lebanon kuma lemun tsami da tafarnuwa da man zaitun ake sa wa kabejin.

A ƙasar Hausa shukar ta iso da suna biyu, kuma iyakar da Turawa suka shata ita ce ta raba su. A Najeriya muna cewa kabeji, daga *cabbage* ta Ingilishi, wadda ita ma aro ce daga tsohuwar kalmar arewacin Faransa *caboche*, wato kai. A Nijar kuwa, a Maraɗi da Damagaram da Tawa, za ka ji ana cewa shu, daga *chou*. Wannan shu ɗin jikar *caulis* ce, 'yar'uwar *kool* ta jini. Bakatsine na kiran shukar da kanta, Bamaraɗe na kiranta da karanta, kuma idan Bamaraɗen ya ce salatin shu, ya faɗi *koolsla* kalma da kalma, daga tushe guda, ba tare da ya bi ta Holan ko Amurka ba. Ina ganin wannan abin mamaki ne da ya cancanci a tsaya a kansa: kalmomi biyu sun bar Rum, ɗaya ta bi ta arewa ta tsallaka teku ta dawo ta Legas, ɗaya ta bi ta Faransa ta sauko ta Yamai, suka haɗu a kasuwar kan iyaka.

Kabejin kansa ya sami wurin zama. Sanyin tsaunin Filato ya karɓe shi, daga kasuwar Farin Gada ta Jos ake lodinsa zuwa kudu da arewa, masu noman rani kuma na fitar da shi lokacin hunturu, ya cika 'Yankaba a Kano. Mayonis kuwa mun raɗa masa sunan kwalbar da muka fi sani, Bama, ko wane kamfani ya yi shi. Sunan bai da alaƙa da garin Bama na Borno. Daga Alabama ta Amurka ya samo asali, inda aka fara yin kayan. Mai jin Hausa da ya zaci na Borno ne bai yi wani abu da ya bambanta da Ba'amurken da ya ji *kool* ya rubuta *cold* ba. Kunne na neman abin da ya sani.

Haɗa ganye da gishiri da mai kuwa ba sabon abu ba ne a wurinmu. Kwaɗon zogale da na rama da na tafasa sun riga kabeji zuwa, da ƙuli-ƙuli da albasa da yaji da ɗan man gyaɗa. Da kabeji ya zo, mata ba su jira bama ba, suka yanka shi ɗanye suka kwaɗanta da ƙuli da tumatir da lemun tsami. A ganina wannan kwaɗo ya fi kusa da ainihin abin da sunan ke nufi fiye da farin haɗin gidan biki, wanda wani lokaci sukari da madara ke danne kabejin har ba a jin shi. Kwaɗon kuma ya fi dacewa da zafinmu, domin haɗin da aka yi da safe ya wuni a rumfar biki ba firiji abin a yi hattara da shi ne.

Shi ya sa ba na goyon bayan masu yi wa mai cewa kosulo dariya, wai ta ɓata Turanci. Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe ba wasali a tsakani, shi ya sa muka sami burodi da asibiti da sukurudireba, kuma bisa wannan ƙa'ida *sl* ta buɗe ta zama *sul*. Doka ce ta harshe, irin wadda ta sa Holanci ya haɗiye *d* ɗin *salade*. Turancin da ake karewa shi ya fara lanƙwasa kalmar, ya ma yi shekaru yana rubuta ta da ma'anar da ba tata ba. Wasalin da Bahaushiya ta saka tsakanin *s* da *l* kuwa ya faɗa daidai gurbin da wasalin *salade* yake kafin mutanen Holan su share shi.

A Holan ta yau ana amfani da *koolsla* da *koolsalade* duka. Amma a manyan kantunan Amsterdam za ka ga robobin yankakken kabeji da karas cikin farin mayonis mai zaƙi, an rubuta *coleslaw* a jikinsu da rubutun Turanci, ana sayar wa jikokin masu kalmar a matsayin abincin Amurka.